Kwana bakwai a jirgin ruwan shaƙatawa: abinci, giyar da ke ɓuya a tukunya, da abin da muka gani

Baban Khadija, Kaduna

Assalamu alaikum. Ɗanmu da ke aiki a Ingila ya biya mana kuɗin tafiya, ni da mahaifiyarsa, a ɗaya daga cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, kwana bakwai a kan Bahar Rum a ƙarshen watan Mayu. Za a tashi daga Basalona, a bi ta Marseille da Genoa da tashar da ke kusa da birnin Rum da Palermo, sannan a komo. Ban taɓa kwana a kan ruwa ba. Iyakar sanina da jirgin ruwa shi ne kwale-kwalen da ya tsallakar da ni kogin Kaduna ina yaro. Abin da ya fi damun Hajiya shi ne abinci, domin ta ji an ce mutanen wannan yanki ba sa rabuwa da giyar inabi, ko a tebur ko a tukunya. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya su faɗa mana abin da idonsu ya gani.

Maman Ummi, Landan

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya yi wa ɗanku albarka. Na yi irin wannan tafiya sau biyu, kuma abin da zan fara faɗa wa Hajiya shi ne giyar da ke cikin kofi ba ita ce matsala ba, domin ana ganinta, kuma da zarar an ce ba a sha, mai hidima zai kwashe kofunan daga tebur, ba zai sake tambaya ba. Wadda ake jin tsoro ita ce wadda aka riga aka zuba a tukunya.

A tafiyata ta farko, daren farko, na duba takardar jerin abinci na tsallake duk wani nama, na zaɓi shinkafar Italiya da ake kira risotto, wadda aka dafa da naman kaza na daji, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, ina ganin na tsira tun da babu dabba a ciki. Na kai cokali uku ke nan sai yaron da ke yi mana hidima, wanda ya lura da mayafina, ya sunkuyo kamar zai gyara mini cokula, ya ce a hankali, "Hajja, wannan da farar giya ake fara dafa ta." Ɗan Indonesiya ne, Musulmi, kuma irinsa suna da yawa a cikin ma'aikatan waɗannan jirage, tare da 'yan Filifin da 'yan Indiya. Na ajiye cokali, na kwana da burodi da 'ya'yan itace, raina a ɓace, amma tun daga wannan dare ya riƙa kawo mini takardar abincin gobe tun yau, mu zauna da shugaban masu hidima a yi wa abin da nake so alama, a dafa mini nawa daban ba tare da giya ba. Ashe tsari ne da suke da shi ga duk mai wata larura ta abinci, sai dai ba sa tallarsa, sai wanda ya tambaya.

Saboda haka, Baba, ku ce wa ɗanku ya rubuta wa kamfanin tun yanzu, makonni da dama kafin tashi, cewa ku Musulmi ne, kuna neman naman halal, kuma ba kwa cin alade ko abin da aka dafa da giya. Ana loda kayan abinci ne kafin jirgi ya bar tasha, wanda ya bari sai ya shiga sannan ya nema ya makara. Ranar shiga kuma ku je wurin shugaban ɗakin cin abinci ku maimaita masa baki da baki, ku roƙi tebur naku ku biyu kawai, in ba haka ba za a iya haɗa ku da baƙi shida da kwalabensu. A tafiyata ta biyu an samar mini kaza da naman rago na halal, amma a babban ɗakin cin abinci kaɗai. A wurin ɗibi-da-kanka da ke saman jirgi kuwa babu mai ba da wannan tabbaci, kuma na ga da idona an ɗauki cokalin tiren alade an tsoma a tiren ƙwai.

Ɗan Damagaram, Marseille

Ranku ya daɗe Alhaji, ina da ɗan bambancin ra'ayi da Hajiya Maman Ummi. Ni ban nemi naman halal ba ko kaɗan, kifi na bi har kwana bakwai, kuma ban yi rama ba. Sai dai kifin ma a kula da miyarsa, domin a girkin Faransa farar miyar man shanu da ake kira beurre blanc da farar giya ake haɗa ta, haka ma yawancin dafuwar ƙananan kifayen kwanso. A ce a gasa kifin da man zaitun da lemun tsami kawai, an huta.

Akwai kalmomin da ya kamata a rubuta a 'yar takarda a sa a aljihu. Prosciutto da pancetta a Italiya, jamón da chorizo a Sifen, lardons a Faransa, duk alade ne. Duk inda aka ga vin ko vino ko Marsala a sunan abinci, giya ce. Kayan zaƙi su ne suka fi yaudara: baba au rhum a cikin barasa ake jiƙa shi, tiramisu sau da yawa da Marsala ake yi, kuma cannoli ɗin da kowa ke yabo a Palermo, a girkinsa na asali da kitsen alade da giya ake kwaɓa ɓawonsa. Abin da yake rawa a faranti kamar kamu ya daskare kuwa, a tambaya da me aka daskarar da shi, domin jelatin na Turai galibi daga alade ake samunsa.

Wani abu kuma, kada Hajiya ta wahalar da kanta da kilishi ko dambun nama. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga wajen ƙasashenta, kuma ni kaina na tsaya ina kallo aka jefa kilishin da na ɗauko daga gida a kwandon shara a filin jirgin sama, har yau abin yana yi mini ciwo. Yaji kuwa na shiga da shi cikin kwalba a rufe, babu wanda ya ce mini uffan, kuma shi ya cece ni daga abincin da ba shi da ɗanɗano. Idan kun sauka a Marseille, tashar manyan jiragen tana nesa da gari, sai an shiga mota. Ku nemi unguwar Noailles kusa da tsohuwar tasha, mahauta da gidajen abincin mutanen Magrib, wato Arewacin Afirka, suna nan birjik, za ku ci kuskus da naman rago hankali kwance.

Dakta, Abuja

Baba, za ku ji wasu masu dafa abinci suna cewa giyar tana ƙonewa a wuta ta tafi. Ba gaba ɗaya ba. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar sun nuna cewa idan aka kunna wa abinci wuta a faranti, kusan kashi 75 cikin 100 na barasar yana nan. Bayan minti 30 ana dafawa saura kusan kashi 35, kuma ko bayan awa biyu da rabi akan sami kusan kashi 5. Hukunci na malamai ne, amma lissafin ke nan.

Game da jiri da tashin zuciya, ɗakin da ke tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa shi ne ya fi ƙarancin jijjiga, na gaba da na can sama su suka fi lilo. Matata ta sha wahala a daren da muka ratsa gaɓar Faransa iska na kaɗawa, abin da ya taimaka mata shi ne shayin citta da fita sarari ta zuba wa ƙarshen ruwa ido. Idan kuna shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, ku ga likitanku kafin ku sayi maganin jiri, kuma ku sa magungunanku a jakar hannu, domin manyan akwatuna sukan yi awoyi kafin a kawo su ƙofar ɗaki. Asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, kuma da tsada, don haka a tabbatar inshorar tafiya ta haɗa da jinya a kan ruwa. Cutar amai da gudawa da ke saurin yaɗuwa a jirage kuwa, wanke hannu da ruwa da sabulu ne rigakafinta, man goge hannu bai cika kashe ƙwayarta ba.

Malam Mai Allo, Katsina

Allah ya saka wa Dakta. Ni salla ce ta fi ɗaukar hankalina. Mun saba a gida alƙiblarmu gabas ce mai ɗan karkata arewa, amma a yammacin Bahar Rum gabas ce mai karkata kudu, kuma na'urar alƙibla ta waya takan ruɗe saboda ƙarfen jirgi. Abin da na yi shi ne, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, da ita nake auna inda zan shimfiɗa darduma, kuma tun da jirgi yakan daɗe a kan hanya guda, da wuya ya juya mutum yana cikin salla. A ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe tara na dare, wato daidai lokacin zama na biyu na cin abincin dare, domin kashi biyu ake raba fasinjoji a babban ɗakin cin abinci, saboda haka ku zaɓi zama na farko. Ku tafi da buta ƙarama ta roba, ba za ku samu a banɗakinsu ba.

Za a yi ta tallata muku tsarin biyan kuɗin abin sha a dunƙule. Mafi yawan kuɗinsa na barasa ne, bai kamace ku ba. Akwai na lemo da ruwan 'ya'yan itace da kofi zalla, shi ma ku yi lissafi tukuna, domin ruwa da shayi kyauta ne a wurin ɗibi-da-kanka. A daren da kyaftin ke gaisawa da fasinjoji ana zagayawa da kofuna a tire, wasu na lemu zalla, wasu an gauraya su da giya mai kumfa, kuma kalarsu kusan ɗaya ce. Sai da na kai kofin hanci sannan na gane.

Alhaji Mai Atamfa, Kano

Ni nawa kuskuren ba na abinci ba ne, na lokaci ne. Tashar da ake ce wa ta Rum sunanta Civitavecchia, kuma tsakaninta da birnin kusan kilomita 80 ne, fiye da awa ɗaya a jirgin ƙasa. Na raina kuɗin motar da kamfani ya shirya, na tafi da kaina, na tsaya ciniki a wani shagon takalma, jirgin ƙasan da na yi niyyar shiga ya wuce ni. Na iso tasha da gudu da babbar riga a kafaɗa, ana shirin janye gadar shiga, mutane a kan baranda suna yi mini tafi. Jirgi yana jiran waɗanda suka fita a motar kamfani idan sun makara, amma wanda ya fita da kansa ba a jiransa, kuma lokacin da ake rubutawa na komowa yakan riga lokacin tashi da rabin awa.

Kuɗi ma a kula. Ba a amfani da tsaba a ciki, katin ɗaki ake miƙawa, sai daren ƙarshe a kawo lissafi. A jirgin da na shiga ana cire Yuro 12 kowane dare a kan kowane mutum a matsayin ladan ma'aikata, wato mu biyu Yuro 168 a mako, ban kuma san da shi ba sai da na gani. A kashe datar waya da zarar an bar gaɓa, domin layin da waya ke kamawa a tsakiyar teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, minti kaɗan ya cinye kuɗin wata guda. Dutsen guga da butar lantarki kuma ƙwace su ake yi a ƙofa saboda tsoron gobara. Atisayen ceto da ake yi ranar farko wajibi ne, kada a ɗauke shi wasa. An tsaurara dokarsa ne bayan jirgin Costa Concordia ya kife kusa da tsibirin Giglio a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu.

Hajiya Ta Jidda

Ga wanda duk wannan taka-tsantsan ya yi masa yawa, Saudiyya ta fara nata jirgin mai suna Aroya, wanda ya soma tashi daga Jidda a watan Disambar 2024 yana zagaya Bahar Maliya. Babu giya, babu gidan caca, abincin duka halal ne, kuma akwai wuraren salla. Na shiga da jikokina, na ci abin da na ga dama ban tambayi kowa komai ba. Amma tun da an riga an biya muku wancan, Baba, shawarar Maman Ummi ta ishe ku.

Baban Khadija, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, kuma yaron ya aika wa kamfanin takarda jiya, ya kuma nemi a sauya mana ɗaki zuwa tsakiya. Kilishin da ta riga ta sa a yi mata, jikoki sun ce su za su ɗauki nauyinsa. Tambaya ɗaya ta rage mata: ta ce ita ba ta iya wayewar gari ba tare da kunu ba, shin idan ta tafi da garin kunun gyaɗa a leda, za ta sami tafasasshen ruwan damawa, tun da an hana butar lantarki?

Maman Ummi, Landan

Za ta samu, Baba. Akwai tukunyar ruwan zafi ta masu shan shayi a wurin ɗibi-da-kanka, tana aiki tun da sassafe. Ta tafi da ƙaramin filas da ludayinta, ta cika shi ta koma ɗaki ta dama. Garin kuma kada a sa masa madara tun daga gida saboda dokar da Ɗan Damagaram ya ambata, akwai madara a kan tebur ɗin shayin, kusa da sukari.