Alhaji ya sa hannu, ma'aikatansa sun ƙi manhajar: satifiket ne ba ni da shi ko me?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga wannan harka.

Wata goma sha huɗu ke nan ina aiki a wani kamfani a Abuja da ke haɗa wa 'yan kasuwa manhaja. A ofis BA ake ce mana, wato mu ne 'yan tsakiya: mu je wajen kwastoma mu ji buƙatarsa, mu dawo mu rubuta ta yadda masu rubuta manhaja za su gane. Ni tattalin arziki na karanta, ban taɓa rubuta layin kod ko ɗaya ba. Da muka samu kwangilar wani babban ɗan sarin kayan masarufi a Kano, ogana ya ce tunda ni ɗan gari ne, ni zan je. Na ji daɗi har raina, ga aiki ga tuwon gida.

Sati biyu na yi ina zuwa. Kullum Alhaji mai kamfanin zai sa a hau da ni ofishinsa na sama, a kawo shayi, ya kira manaja da akanta. Suka zayyana min tsarin tiryan-tiryan: kaya su iso sito a shigar da su, kwastoma ya biya, a buga rasit, mai sito ya ga rasit sannan ya fitar da kaya. Farashi ɗaya ne ga kowa. Bashi kuwa sai da izinin Alhaji. Na zana taswirar aikin, na rubuta takardar buƙatu mai shafi 41. Alhaji ya sa hannu bai ko wuce shafi na uku ba, ni kuma a lokacin na ɗauka yarda ce da aikina.

Wata uku ana gini. Ranar gwaji, mace ta farko da ta zo katan biyar na taliya take so da rabin katan na madara. Manhajarmu ba ta san rabin katan ba. Na biyu wani mutumin Wudil ne da aka gama loda masa mota tun asuba, kuɗin sai ya ci kasuwar Juma'a, ita kuwa manhaja ta ce kaya ba sa fita sai an biya. Kafin azahar kashiya ta sunkuya ta zaro tsohon littafinta daga ƙarƙashin tebur ta ci gaba da aikinta. Mai sito ya dube ni ya ce, "Malam, wannan abin naku ai na Alhaji ne, ba namu ba."

Yanzu kamfaninmu na cewa duk gyaran sabon aiki ne, a biya. Alhaji na cewa shi abu mai aiki ya biya kuɗinsa. Ogana kuma ya tambaye ni a gaban kowa yadda aka yi duk wannan ya wuce ni. Tun ranar nake tunanin ko rashin karatun aikin ne. Shin in tara kuɗi in rubuta jarrabawar ECBA, wato satifiket ɗin matakin farko na aikin BA, ko in koyi SQL, yaren da ake zaƙulo bayanai da shi daga rumbun bayanan kwamfuta, ko dai harkar ce ba tawa ba?

Tsohuwar BA:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka kwantar da hankalinka, shayin nan da ka sha duk mun sha shi.

Alhaji bai yi maka ƙarya ba fa. Ya faɗa maka yadda yake so kasuwarsa ta kasance ne, wataƙila ma yadda yake zaton take. Manaja da akanta kuma ba za su ƙaryata maigida a gaban baƙo ba, ko da sun san ba haka ba ne. Kuskurenka ɗaya: sati biyu kana hawa bene, alhali aikin a ƙasa ake yinsa.

Nawa ya faru ne a wani ƙaramin bankin ba da rance. Shugabannin suka ce ma'aikatansu na fita karɓar biyan bashi kullum, su dawo su shigar kafin ƙarfe huɗu. Haka na rubuta. Sai da abu ya lalace na bi wata ma'aikaciya cikin adaidaita sahu muka yini a unguwanni. Ashe matan da take karɓa a wajensu adashi suke yi a tsakaninsu, mace ɗaya ce ke miƙa kuɗin mutum takwas a dunƙule, a ƙulle a leda, ita ma'aikaciyar ce ke rarrabawa da biro a bayan takarda idan ta koma gida da daddare. Manhajar da muka gina tana son kowace mace da nata rasit a take. Babu wanda ya ɓoye min wannan. Ban tambayi wadda ta sani ba ne kawai.

Tun daga nan na daina cewa mutum "yaya kuke yin aikin nan?" Wannan tambayar amsar makaranta take jawowa. Abin da nake cewa shi ne "nuna min na jiya". A ɗauko min rasitan jiya, littafin jiya, saƙonnin WhatsApp na jiya, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan wa ya saya? Me ya sa nasa farashin ya bambanta? Wannan da aka soke da jan biro fa? A nan rabin katan ɗinka zai fito da kansa tun ranar farko. Kuma ka lura da duk takardar da aka liƙa a bango da salatif, ko wadda ke ƙarƙashin gilashin tebur. Yawanci ita ce ainihin dokar wurin.

Abin dariyar, duk wannan yana cikin littafin da kake son yin jarrabawa a kansa. Littafin nan, BABOK, wanda IIBA, ƙungiyar masu aikin BA ta duniya, ta fitar da bugunsa na uku a 2015, ya jero dabaru 50, kuma zama a kalli mutum yana aikinsa na cikinsu, haka ma tantance su wane ne aikin zai shafa. Karanta shi zai amfane ka. Amma ba zai koya maka yadda za ka ce wa dattijo mai kuɗi "ranka ya daɗe, gobe a ba ni izini in yini a sito" ba tare da ya ji kamar ka raina bayaninsa ba. Ni nakan ce ina so in ga inda ma'aikata za su iya kuskure ne don mu toshe. Ba a taɓa hana ni ba.

Mai Kod:

Bari in yi magana daga ɓangarenmu, tunda mu ake kawo wa takardun naku.

Shafi 41, ɗan'uwa? Wallahi ba ma karantawa duka, kamar yadda Alhajinka bai karanta ba. Ka ba ni misali biyar na gaske da lambobinsu ya fi min: wane ya sayi katan biyar da rabi, an yi masa ragin kaza, ya biya rabi ta tiransifa, saura bashi. Maganar rabin katan da kake gani ƙarama, a wajenmu tushe ce. Idan tun farko mun san kaya na shigowa a katan su fita a katan, dozin ko ɗai-ɗai, ma'auni mafi ƙanƙanta za mu ajiye a rumbun bayanai, sauran duk lissafi ne. Yanzu da aka gina komai a kan katan, sai an taɓa sito, farashi, rasit da rahoto. Shi ya sa kamfaninku ke kukan kuɗi. Ina fata dai ka tambayi harajin VAT, don tun Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5, kuma ba kowane kayan abinci ake ɗora wa ba. Ɗan sarin kayan masarufi yana da iri biyun a rasit ɗaya.

SQL kam ka koya, ba sai ka zama gwani ba. Umarninsa na SELECT, WHERE, JOIN da GROUP BY, sati uku da daddare sun ishe ka ka koye su. Amfaninsa shi ne idan an ce maka farashi ɗaya ne, ka karɓi bayanan cinikin bara ka duba da kanka kaya ɗaya farashi nawa aka sayar da shi. Ko Excel ma zai yi wannan.

Amma laifin ba naka kaɗai ba ne. Wata uku kuna gini ba wanda ya nuna wa kashiya komai? Tun 2001 da wasu mutum 17 suka taru a Utah ta Amurka suka rubuta sanarwar Agile kan yadda za a riƙa gina manhaja ake wa'azin a riƙa nuna wa mai amfani abu kaɗan-kaɗan. Kowane kamfani na da Jira, manhajar bin diddigin aiki, kowa na tsayuwar mitin na minti 15 da safe, amma bayan sati biyu sai a nuna wa oga maimakon wanda zai danna maɓallin. Oganka shi ma sai ya amsa wannan.

Bazazzage a Ingila:

Ni ban yarda a yi wa satifiket kallon banza ba. Yaya Tsohuwar BA ta yi shekaru, sunanta ya ishe ta. Kai kuwa takardarka ta neman aiki cikin ɗaruruwa za ta shiga, kuma mai tacewa haruffan satifiket yake nema.

Ga yadda matakan satifiket ɗin IIBA suke. ECBA ba ta buƙatar ka taɓa aiki. CCBA sai kana da awa 3,750 na aikin a cikin shekara bakwai da suka wuce. CBAP awa 7,500 a cikin shekara goma. Da dala ake biya, don haka ka yi lissafi da canjin yau kafin ka ɗaura niyya. Tunda ka riga ka fara aiki, ni da zan ba ka shawara ka fara rubuta awanninka tun yau, kowane aiki da abin da ka yi a ciki, ka nufi CCBA. Mutane da yawa sai sun zo cike fom suke rasa tuna me suka yi shekara uku baya. A nan Ingila kuma difilomar BCS, ƙungiyar masana kwamfuta ta Birtaniya, aka fi sani, idan kana da tunanin fita.

Kan rigimar kuɗi: ku raba jerin gyare-gyaren gida biyu. Abin da in babu shi ba za a iya ciniki ba ko na yini ɗaya, kamar rabin katan, ku gyara a aljihunku, don kunyarku ce. Sauran ku sa masa farashi. Nan gaba kuma a shafin sa hannu ka buɗe layin mai sito da na kashiya.

Yaron Shago:

Ni ba BA ba ne, a Kwari na tashi. Malam, ko ka sauka ƙasa ba lallai su faɗa maka komai ba ranar farko. Farashin da ake ba kowane kwastoma sirri ne, wani shekara ashirin yana saye, wani ɗan aminin maigida ne. Littafin bashi kuma amana ce, akwai sunan da mai shi ba zai so yaron shago ya gani a kwamfuta ba. Sannan ka tambaye su me suke yi idan sabis ya ɗauke ko alat ya ƙi shigowa ga kwastoma tsaye da ɗan dako. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 mun ga tasku a kan wannan. Ka je da kaya marasa tsada, ka sayi shayi ka ba su, kar ka buɗe laftof sai sun saba da kai.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawararku, jiya tun ƙarfe shida na safe ina kan buhun sukari a ƙofar sito da littafi da biro. Na ƙirga ciniki 63 zuwa la'asar. Guda 19 ne kawai suka bi tsarin da na rubuta. Farashi ba ɗaya ba ne, hawa uku ne, kuma mai sito a ka yake riƙe da wanda ke kowane hawa. Da sabis ya ɗauke wajen sha ɗaya, kashiya hoton shaidar tiransifa take ɗauka da wayarta, ta rubuta lambar wayar mutum a gefen littafi.

Sai dai na ci karo da abin da ban nema ba. Bashin da Alhaji ya ce sai da izininsa, manaja ne ke bayar da mafi yawansa da bakinsa, kuma ga alama Alhaji bai san yawan abin da ke waje ba. Ban ga alamar cuta ba, kuɗin na dawowa. Amma duk ranar da manhaja ta fara aiki, jimillar za ta fito a allon Alhaji. Mai sito da ya nuna min ya roƙe ni kar in ambaci sunansa. Yaya, ranar Litinin zan gabatar da rahoto, yaya zan yi da wannan?

Tsohuwar BA:

Kar ka kai shi mitin ɗin Litinin a gaban jama'a, kuma kar ka ɓoye wa oganka, yau ka kira shi ka faɗa masa. Gobe ka samu manajan shi kaɗai. Ka ce masa manhaja za ta nuna duk bashin da ke waje, kana so ku tsara tare iya adadin da zai riƙa bayarwa ba sai ya hau bene ba, kuma zai fi kyau shi ya kai wa Alhaji maganar da kansa kafin Litinin. A rahoto ka rubuta cewa a littafin ciniki ka gani, tunda gaskiya a can yake, sunan mai sito ba ya shiga. Idan manajan ya ƙi, oganka ne zai zauna da Alhaji, ba kai ba. Ka ɗauki hoton shafukan littafin da izinin kashiya kafin ka bar Kano.