Haɗa jeri biyu a PHP ba tare da lambobin ɗalibai sun ɓace ba

Tambaya daga wani ɗalibi a Mabera, Sakkwato:

Assalamu alaikum, malamaina. Ina rubuta wa wata makarantar Islamiyya ta unguwarmu ƙaramar manhaja da PHP, kuma na sanya lambar rajistar kowane yaro ta zama mabuɗinsa a cikin jeri, wannan 105, wancan 212. Da na haɗa jerin 'yan ajin safe da na 'yan yamma da `array_merge`, sai lambobin suka koma 0, 1, 2, har makin hadda ya faɗa kan sunayen da ba nasu ba. Allah ya taimake ni ban kai ga bugawa ba. Ina kuskuren yake, kuma yaya ya kamata in ƙara sabon ɗalibi?

Amsa daga wani malamin kwamfuta a Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Haka `array_merge` take aiki: idan mabuɗan lambobi ne, takan sake jera su daga sifili, idan kuwa kalmomi ne takan bar su, sai dai in biyu sun yi karo, ƙimar jeri na biyu ce ke danne ta farko. Ɗigo ukun nan (`...`) na zazzage jeri cikin wani, da aka fara sawa cikin jeri a PHP 7.4, a shekarar 2019, su ma haka suke yi wa lambobi. Abin da ya dace da kai shi ne alamar tarawa, `$safe + $yamma`, domin tana barin kowane mabuɗi yadda yake. Amma ka kiyaye, idan lamba ɗaya ta fito a jerin biyu, ta hagu ake ɗauka, ta dama kuma a watsar ba tare da gargaɗi ba, wanda ke nufin yaro zai iya ɓacewa daga rajista babu wanda ya sani. Shi ya sa ni ba na haɗawa sai na fara dubawa da `array_intersect_key`, wadda ke nuna mabuɗan da suka fito a jerin biyu.

Amsa daga wata 'yar'uwa a Gwadabawa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da cewa rubuta lambar kamar kalma, wato `"105"`, ba ya magance matsalar, domin PHP na mayar da ita lamba, amma `"S105"` tana zama kalma. Wajen ƙara ɗalibi kuwa, `array_push` da `$dalibai[]` duk suna ba shi lambar da ke bin mafi girma a jerin, ba wadda makaranta ta ba shi ba, don haka ka rubuta `$dalibai[213]` da hannunka.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Yaya. Na duba kamar yadda aka ce, sai ga yara biyu suna ɗauke da lamba 140, ɗaya a safe ɗaya a yamma. Gobe in sha Allahu zan kai wa shugaban makarantar ya gyara a littafin rajista kafin in haɗa.