Daga Tanja zuwa Agadir da tanti a bayan mota: ina ya dace mu riƙa yada zango?

Baban Yara:
Assalamu alaikum. Ina zaune a Sifaniya da iyalina, kuma mun yanke shawarar cewa hutun watan Agusta na bana za mu tsallaka Maroko da motarmu, mu bi gaɓar tekun Atlantika daga Tanja har Agadir, muna kwana a tanti a wuraren da aka keɓe wa matafiya maimakon otal. Mako uku ne a hannunmu, ga yara biyu, ƙaramin bai cika shekara shida ba. Na lissafa garuruwa goma sha biyu da nake so mu kwana, amma uwargida ta ce sun yi yawa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa bin hanyar nan su ba ni shawara kan takardu, da wuraren da suka cancanci a tsaya.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya tana wajen uwargida. Tsakanin Tanja da Agadir kusan kilomita 800 ne kawai, saboda haka ba tuƙin ne zai gajiyar da ku ba, kafa tanti da naɗe shi kowace safiya ne. Ka zaɓi wurare huɗu ko biyar, ku yi kwana uku ko huɗu a kowanne.

Game da takardu, jirgin ruwa daga Aljesiras da ke kudancin Sifaniya yakan sauke ku a tashar Tanja Med, wadda ke da tazarar kimanin kilomita 40 gabas da birnin, kuma a nan kwastan za su shigar da motar a kan fasfonka na wucin gadi, wanda wa'adinsa bai wuce wata shida ba. Duk wanda aka rubuta motar da sunansa, da ita zai fita. Ka duba koren katin inshorar motarka na ƙasa da ƙasa tun a gida: idan an soke haruffan MA da ke nufin Maroko, to bai shafi Maroko ba, sai ka sayi wata a tashar. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, don haka kada ka bar wannan sai ƙurarren lokaci. Ka riƙe dirhami a aljihu, domin yawancin wuraren zango tsabar kuɗi suke karɓa, kuma ka kiyaye allon gudu a bakin kowane gari, domin jandarmomi ba sa wasa da tara.

Ni da Asila zan fara, wadda ke kudu da Tanja da tafiyar ƙasa da awa ɗaya. Ganuwar da ta kewaye tsohon garin tun zamanin Turawan Fotugal take, waɗanda suka kama shi a 1471.

Hajiya Mai Tafiya:
Abin da ba wanda ya gaya mana kafin mu tafi shi ne iska. Mun isa Sawira, garin bakin teku da ke tsakanin Safi da Agadir, da la'asar cikin watan Yuli, muka kafa tanti da siraran turakun da aka sayar mana tare da shi, muka shiga gari cin gasasshen kifi a bakin tashar masunta. Da muka dawo bayan magariba, sai muka tarar tantin ya kife ya maƙale a jikin katanga, tabarmar salla kuwa wani maƙwabci ne ya tsinto mana ita. Ranar a mota muka kwana, da safe kuma har a cikin shayi muna tauna yashi. Ka nemi dogayen turaku masu kauri da ƙarin igiya, ka sa motar ta tare muku iskar da ke busowa daga arewa, kuma ka juya ƙofar tantin ta ba wa iskar baya.

Kada sunan Agusta ya ruɗe ka. Ruwan tekun a can sanyi gare shi ko da bazara, dare kuma yakan zo da raɓa mai jiƙa duk abin da aka bari a waje, saboda haka bargo ya zama dole. Tunda akwai yara, ka ba Walidiya kwanaki fiye da ko'ina. Tana tsakanin Jadida da Safi, kuma akwai wani tafki da tudun yashi da duwatsu suka raba da teku, inda ruwan yake kwance, yaro zai iya wasa ido yana kansa. A buɗaɗɗen teku kuwa igiyar ruwa tana ja da ƙarfi, ban yarda yaro ya wuce gwiwa ba. Da ni ce, sai in tsallake kwana a Sawira gaba ɗaya.

Malamin Zaure:
Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Iskar gaskiya ce, shi ya sa masu wasa da allo a kan ruwa suke tururuwa can, amma Bahaushe bai kamata ya wuce Sawira a gurguje ba. Garin cibiya ce ta Gnawa, jikokin mutanen da aka kai Maroko daga ƙasashenmu na kudancin Sahara ta hanyar bauta, kuma har yau a cikin waƙe-waƙensu ana ambaton Hausa da Bambara da Fulani. Idan ka ji amon garayarsu mai tsirkiya uku a wani lungu da daddare, jikinka zai gaya maka ka san wannan sautin. A masallaci ma ba za ka ji baƙunta ba, domin Malikiyya suke bi, ƙira'arsu kuma ta Warshu ce irin ta makarantun allonmu.

Daga nan zuwa Agadir hanyar tana da kwana-kwana, tana hawa da sauka cikin itatuwan argan, don haka kada ka bi ta da dare.

Baban Yara:
Na gode muku ƙwarai. Na rage jerin zuwa biyar, kuma uwargida ta ce a miƙa wa Tsohon Direba godiya ta musamman. Sawira za mu yi kwana biyu, amma a ɗakin haya, tantin ya huta a mota. Na duba koren katin yanzu, ashe an soke MA ɗin.