Wa ya taɓa aikin zaɓe a ƙasar da ta fito daga yaƙi?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin horar da jami'an zaɓe na gundumomi a Sudan ta Kudu. Tun da suka samu 'yanci a 2011 ba su taɓa yin babban zaɓe ba, kullum ɗagawa ake yi. Ni kuwa iyakar sanina rumfar zaɓen unguwarmu a Ayawaso, nan Accra ta Ghana. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya faɗa mini gaskiya: kuɗin da ƙasashen waje ke zubawa, me suke bari a ƙasa bayan baƙi sun naɗe tabarmarsu?

Tsohon Sajan, Mamobi: Wa alaikumus salam, ɗana. Ina cikin sojojin kiyaye zaman lafiya a Laberiya lokacin zaɓen 11 ga Oktoban 2005. A nan Accra ma aka sa hannu a yarjejeniyar da ta kai ga zaɓen, a Agustan 2003. Ranar zaɓe damina ba ta gama ɗaukewa ba. Motar da ke ɗauke da akwatuna ta kafe a taɓo har gindin ƙofa, muka kwana a wurin. Inda mota ta gaza jirgi mai saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai kayan, inda jirgi ba ya sauka 'yan dako suka ɗora a ka, wani wurin sai kwale-kwale. Ba na manta wata tsohuwa. Da aka shafa mata tawada sai ta naɗe yatsan da gefen zaninta, ta raɗa wa tafinta wai ko masu bindiga za su gane wanda ta zaɓa in sun ga launin. Sai da wata yarinya 'yar ƙauyensu, cikin ma'aikatan rumfar, ta ɗaga nata yatsan ta nuna mata, sannan ta saki zanin. Mu da bindigoginmu da bulun hularmu ba mu iya kwantar mata da hankali ba.

Malama, Sabon Zango: Baba Sajan, kai ranar biki ka gani. Ni kuma na koma bayan an watse. Na yi aikin koyar da rajista a wani ofishin gunduma, ba zan faɗi ƙasar ba balle ofishin. An ba su janareto sabo fil, kwamfutoci, babura biyu, har da tauraron intanet a saman rufi. Bayan shekara uku wani aiki ya sake bi da ni ta garin, na ce bari in leƙa. Janareton na nan, kaji na ƙwai a bayansa. Ba lalacewa ya yi ba, kuɗin mai ne babu wanda ya sa a kasafi, don mai bayarwa ya saya ya tafi, gwamnati kuma ta ɗauka kyauta ba ta cin mai. Kwamfutocin an lulluɓe su da tamfol saboda yoyo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da ya fi kowa hazaƙa a ajina, wanda ke haɗa sakamakon rumfa talatin ba kuskure ko ɗaya. Na same shi yana tuƙa motar wata ƙungiyar agaji. Albashin direba ya ninka na jami'in zaɓe, ga iyali. Wa zai ga laifinsa?

Ƙanina, in an ba ka baki a tsarin kuɗi, tambayi wa zai sayi mai a shekara ta biyu.

Hajiya mai atamfa: Ni ba ma'aikaciya ba ce, fatauci ya kai ni Saliyo a 2007. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa muka rufe shaguna, kowa kunnensa a rediyo. Shugabar hukumar zaɓe, Christiana Thorpe, ta soke sakamakon rumfuna 477 saboda ƙuri'un da aka ƙirga sun fi masu rajista yawa. Ernest Bai Koroma na adawa ya kayar da Solomon Berewa, mataimakin shugaban ƙasa mai ci. Akwatunan dai kuɗin waje ne, amma mai tsayawa ta karanta wannan sakamako 'yar ƙasa ce, kuma a garin za ta kwana.

Ɗan Aboabo, Kumasi: Malama, ban ƙi taki ba, amma ba duka ne ke bin ruwa ba. Sojojin Majalisar sun bar Laberiya a Maris 2018. A 2023 'yan ƙasar suka gudanar da zaɓensu, Joseph Boakai ya wuce George Weah da ƙuri'a kusan dubu ashirin kacal, Weah ya amince tun kafin a kammala sanarwa. Waɗanda suka riƙe rumfunan nan ai ba daga sama suka faɗo ba. Mu kanmu a Ghana da ba mu yi yaƙi ba, a 2012 na'urar tantance yatsa ta ƙi aiki a wurare, har aka ci gaba da zaɓe washegari. Ina kan layi ranar, tun asuba da kokona a leda.

Malama, Sabon Zango: Na yarda, wasu sun tsaya. Amma ka tambayi nawa aka horar kafin a samu waɗanda suka tsaya ɗin.

Ɗan Nima: Allah ya saka da alheri. Maganar mai na rubuta ta. Baba Sajan, me zan sa a jaka?

Tsohon Sajan, Mamobi: Takalmin ruwa, gidan sauro, da tocila biyu. Ƙirga ƙuri'a kan kai dare, kuma lokacin ne janareto ke mutuwa. In ka tashi tafiya ka biyo ta gida bayan la'asar, akwai jakar bayan da na dawo da ita, zif ɗinta kawai za ka canza.