Garantin taya na mil 80,000: wa ya taɓa cin moriyarsa?

Mai neman shawara

Assalamu alaikum. Tayoyin da suka zo da motata sun kusa sudewa alhali ban yi mil 35,000 da su ba, kuma da na fara neman sababbi sai na ga wasu an rubuta musu garantin mil 60,000, wasu 70,000, har da Michelin Defender wadda ake ba ta mil 80,000, wato kusan kilomita 129,000. Ina roƙon duk wanda ya taɓa hawa irin waɗannan tayoyi ya faɗa mana nisan da suka kai shi a zahiri, da kuma abin da ya tarar idan ya taɓa komawa neman haƙƙinsa bayan sun cinye kafin lokaci.

Direban dogon zango

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai na cire nawa a mil 73,000 cikin 80,000 da aka rubuta, kuma ko a lokacin da sauran haƙori a jikinsu, ruwan sama ne ya sa na ƙi jira. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, domin kusan duk tafiyata a kan babbar hanya ce miƙaƙƙiya, inda mutum zai yi awa biyu bai taka birki da ƙarfi ko sau ɗaya ba. Abin da ke cin taya shi ne tashi da tsayawa da shan kwana, ba yawan juyawarta a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba. Ina musanya musu wuri duk lokacin da na canza baƙin mai, kuma ina auna iska da safe kafin motar ta motsa, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambar da ke gefen taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba.

Malamar makaranta

Ni ce na taɓa komawa neman haƙƙi, don haka bari in ba da labarin dalla-dalla. Garantin tayoyina na mil 60,000 ne, kuma zirga-zirgata duk ta cikin gari ce, daga wannan danja zuwa waccan. A wajen mil 39,000 na lura motar ta fara santsi idan hanya ta jiƙe, sai na koma inda na saya da rasit ɗina a hannu, ina tsammanin za a ciro sababbi huɗu a ɗaura mini.

Ma'aikacin ya durƙusa da wani ɗan ma'auni mai kama da biro, ya soka shi a kowane kwari na kowace taya, yana rubuta lambobi a bayan rasit ɗin nawa. Da ya miƙe sai ya ce zurfin haƙorin tayoyin yana kan 3/32 na inci, garanti kuwa ba ya aiki sai ya sauka zuwa 2/32, wato milimita 1.6. Na ce masa ai tun yanzu ba na jin daɗin birkinsu a ruwa. Ya ce ya fahimta, amma sharaɗin kamfani ke nan. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a duk al'amarin: domin in samu rangwame, sai na ci gaba da ɗaukar yarana a kan tayar da ni kaina ban ƙara yarda da ita ba.

Na daure na yi wasu watanni ina tuƙi a hankali, na koma a mil 42,000. Nan ma aka tambaye ni shaidar cewa ina musanya wa tayoyin wuri a kan lokaci. Allah ya taimake ni maigidana mutum ne mai ajiye takarda, duk rasit ɗin suna cikin wani tsohon ambulan a aljihun gaban mota. Lissafin da aka yi mini shi ne na ci mil 42,000 cikin 60,000, saura 18,000, wato kashi 30 cikin ɗari. Wannan kashi 30 aka cire mini daga kuɗin sababbin tayoyi na kamfanin nan dai, kuma kuɗin ɗaurawa da balansin duk ni na biya. Ban ce an cuce ni ba, domin haka aka rubuta, ni ce ban karanta ba. Amma tun daga ranar na daina ɗaukar lambar a matsayin alkawarin tsawon rai, rangwame ne kawai a kan sayen gaba.

Mai gyaran taya

Malama, kin ma yi sa'a da aka biya ki. Mafi yawan waɗanda na ga an mayar da su hannu rabbana, a kan abu ɗaya ne: tayar ba ta cinye bai ɗaya ba. Idan gefe biyu suka sude tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Idan tsakiya ta riga gefuna, iska ta yi yawa. Idan kuwa gefe guda ne kawai ya tafi, to saitin ƙafar motar ya goce, sai an yi alaimen. Wadda ta yi tudu da kwari kamar an ƙwaƙule ta da cokali, galibi shok ne ya mutu. A duk waɗannan kamfani zai ce laifin mota ne ko na mai ita, kuma a gaskiya yana da hujja.

Ga mai tambaya kuma, tayoyin da suka zo da sabuwar mota yawanci ba su da garantin nisan tafiya, ko da irinsu da ake sayarwa a kasuwa yana da shi, saboda haka kada ka wahalar da kanka a kan waɗancan. Idan kana son kwatanta sababbi, duba lambar da ke gefen taya kusa da kalmar TREADWEAR. Tsari ne na gwamnatin Amurka, inda ake gwada taya ta yi mil 7,200 a hanyoyin yammacin Texas a auna cinyewarta da ta wata tayar ma'auni mai lamba 100. Mai lamba 600 ana sa ran ta ninka mai 300. Sai dai kamfanoni ne suke sanya wa tayoyinsu lambar, don haka ta fi amfani wajen kwatanta tayoyi biyu na kamfani ɗaya. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne motar da tayoyin bayanta suka fi na gaba faɗi, tunda ba a iya musanya su gaba da baya, yawancin kamfanoni rabin garantin suke ba na bayan.

Dattijo mai ritaya

Ɗana, ka fara duba yawan tafiyarka kafin lamba ta burge ka. Ni ba na wuce mil 5,000 a shekara, kuma na sayi masu garantin 70,000 ina ganin na huta ke nan. A shekara ta bakwai jikana yana wanke motar ya kira ni in ga gefen tayar baya, ya yi ƙananan tsaga birjik kamar busasshen taɓo, alhali haƙorinta bai ko kai rabi ba. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, musamman motar da ke wuni a rana. Da na ɗauko takardar garantin sai na ga shekara shida ce iyakarsa daga ranar saye, ko an ci mil ɗin ko ba a ci ba. Jikan nawa ne ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kuma nawa sun nuna tayoyin sun yi fiye da shekara a ajiye kafin in saya. Michelin da kansu suna cewa a riƙa kai taya a duba ta kowace shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da tana da kyan gani. Safaya ma tana cikin wannan lissafi.

Mai motar lantarki

Tawa ta cinye na farko a mil 24,000. Nauyin batir da saurin fizgar motar ne, sannan in faɗi gaskiya, da ƙafata.

Direban dogon zango

Akwai wani abin da na manta ban faɗa ba. Tayar da aka yi domin ta daɗe robarta ta fi tauri, kuma na ji bambancin da kaina: waɗanda na hau kafin su sun fi kama kwalta a kwana, amma ba su yi rabin daɗewar waɗannan ba. Ga mai dogon zango irina wannan ciniki ne mai riba. Ga Malama kuwa, da na san labarinta tun farko da na ce ta cire su a 3/32 ɗin nan ta haƙura da kashi 30.

Mai neman shawara

Na gode muku ƙwarai. Bayan na karanta na fita da tocila na duba nawa, kuma na gaba ta hannun dama gefenta na ciki ya sude har sandar alamar cinyewa, wato ɗan tudun robar da ke cikin kwarin taya, ta daidaita da haƙori, na waje kuwa yana nan da saura. Ke nan ko da suna da garanti ba za a biya ni ba. Mil 9,000 nake yi a shekara, wanda a shekara shida bai wuce 54,000 ba, saboda haka masu 60,000 zan saya. Mai gyaran taya, alaimen ɗin kafin a ɗaura sababbin ake yi, ko bayan an ɗaura?