Yaya ake fassara sunan Allah zuwa harshen Japan?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina koyon harshen Japan ta intanet, kuma malamar da ke koya mini ta nemi in rubuta mata ma'anar kalmar shahada da ta Bisimilla cikin harshensu. Da na duba ƙamus sai ya ba ni "kami", amma hankalina bai kwanta ba, domin na ji ita ma da wannan kalma take kiran tsauni da ruhin kakanni. Shin ya dace in yi amfani da ita?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi daidai da ka tsaya ka tambaya. A addinin Shinto, na gargajiyar Japan, kami suna da yawa, har sukan ce miliyan 8 ne, wato ba su ƙirguwa, kuma idan za a kwatanta da abin da muka sani a gida, sun fi kama da iskokin Maguzawa. Wani ya faɗa irin wannan rami tun da daɗewa. Lokacin da Francis Xavier, mai wa'azin Kirista ɗan Katolika, ya sauka Kagoshima ta Japan a 1549, tafintansa Anjiro ya fassara masa sunan Allah da kalmar "Dainichi", wato Babbar Rana, bai sani ba ashe sunan Buda ne a ɗariƙar Shingon, har limamansu suka yi masa maraba suna zaton ɗan'uwa ne. Da ya farga sai ya koma ga "Deusu" ta Latin, masu adawa da shi kuwa suka mayar da ita "dai uso", babbar ƙarya.

Malama daga unguwar Kongo:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ƙanena, masu fassara Alƙur'ani sun riga sun share maka hanya. Izutsu Toshihiko, wanda ya fassara daga Larabci a 1957, da Umar Mita, Musulmi ɗan ƙasar da fassararsa ta fito a 1972, duka sun bar sunan yadda yake, suka rubuta shi da baƙaƙen katakana da ake rubuta kalmomin aro da su. Furucin ne kawai ya zama "Arraa", saboda babu sautin "l" a harshensu. Kami tana da gurbinta, amma a madadin "ilah", abin bauta: "Arraa no hoka ni kami wa nashi", babu abin bautawa sai Allah. Ubangiji kuma "shu" suke cewa. Inda na fi so ka kula shi ne rahama, domin "jihi" da ake sawa a Bisimilla daga addinin Buda ta fito, saboda haka ka tambayi malamarka abin da take ji a ranta idan an faɗe ta.

Baba daga Wusasa:
Mu da aka fassara mana Littafi Mai Tsarki a 1932 ba mu sha wannan wahala ba, domin Allah da Ubangiji suna bakin Bahaushe tun kafin mai fassara ya zo. Kiristocin Japan kuwa "kami" suka ɗauka a fassararsu ta 1887, kuma har gobe sai sun yi wa mai sauraro bayanin cewa Guda ɗaya suke nufi.