Don Allah shawara: in sayar da pragya ta (keke mai ƙafa uku) in sayi kyamarar Canon 6D ko in haƙura?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Yayana da ke Italiya ne ya aiko min kyamarar Canon 600D, da ita nake ɗaukar suna da awure nan Aboabo da Asawase a Kumasi, kafin nan pragya nake ja wadda mamanmu ta kwashi susu (adashe) muka saya, yanzu wani yaro ke ja yana kawo na cefane, to ran Lahadi na ɗauki wani awure aka kai dare ga dumsor an ɗauke wuta, hotuna suka fito duhu da ɗige-ɗige, gwaggon amarya ta tsare ni gaban mutane wai iPhone ɗin ɗiyarta ya fi nawa kyau, wallahi ban runtsa ba. Wani a Adum nan cikin gari yana da 6D na hannu. In sayar da pragyar in karɓa?

Oga Sitidiyo: Ƙanena sayar kawai, kar kowa ya ruɗe ka da zancen basira. Sansar 6D, wato abin da ke kama hoto a cikinta, milimita 36 da 24 ce, taka 22.3 da 14.9, filin da ke kama haske ya ninka naka sau biyu da rabi har da ɗori. Kyamarar 2011 kake ɗauka ka je awuren dare? Duk wanda ba ya riƙe fulfirem, mai babbar sansa irin 6D, wasa yake.

Malam na Sabon Zongo: Oga, ai 6D ɗin ma a 2012 ta fito. Ɗan uwa ba ka faɗi lens ɗin da ka sa ba, ko ISO (saitin ƙarfin kama haske) nawa. In 18-55 ne da ya zo da ita, kana zuƙo hoto ƙofar haskensa ta ragu zuwa f/5.6, shi kuwa 50mm f/1.8 hasken da yake shigarwa ya kusa ninka wannan sau 10. Ka saye shi da filash ɗin Godox guda, ka haska rufin kanofi hasken ya dawo kan fuska. Kuma 18-55 ɗinka EF-S ne, na kyamara mai ƙaramar sansa, ba ya hawa 6D, sai ka sake sayen wani.

Hajiya Mai Kwalliya: Ni dai masu hoto kun ishe ni. In ɓata safiya ina gyara amarya, ku je editin ku mai da ita fara fat, uwar miji ta kira ni wai bilicin na shafa mata. Babbar kyamara ko ƙarama duk halinku ɗaya.

Baba Kejetia: Kai an ma biya ka? Ni tun ƙaramar Sallah nake bin wani alhaji cikon kuɗina, kullum "gobe ka zo".

Ɗan Aboabo: Malam na gode amma ni ba na son filash, yana kashe kalar leshi, kuma ba ku ga wurin ba ne shi ya sa. Saitina ba shi da matsala.

Malam na Sabon Zongo: To faɗi saitin mana. James Barnor, tsohon mai hoton nan na Ghana, ya buɗe sitidiyonsa Ever Young a Jamestown ta Accra tun 1953, yau duniya na kallon aikinsa, ka ji wani na tambayar girman sansarsa?

Oga Sitidiyo: Zamanin Barnor babu gwaggo mai iPhone. Kwastoma girman abin da ka rataya a wuya yake kallo kafin ya yi ciniki, ni da na canza kyamara a ranar na ƙara farashi ba wanda ya yi tari. Malam kai fasfo kake ɗauka, bar mu da awure.

Hajiya Mai Kwalliya: Yaro, mamanku ta san da maganar nan kuwa?

Ɗan Aboabo: Hajiya zan gaya mata in komai ya kammala. Mutumin Adum na riga na ba shi kafin alƙalami, ya ce zuwa Juma'a. Wai da gaske lens ɗina ba zai hau ba?

Baba Kejetia: Pragyar nawa ka sa mata? Takardu sun cika?